Tambayoyi da amsoshi kan ɗaukaka ƙarar diyyar tsofaffin sojojin Amurka: ciwon baya da lafiyar ƙwaƙwalwa

Wannan bayanin na 'yan'uwanmu ne da suka yi aikin soja a Amurka, da iyalansu, musamman matan da su ne suke kwana da mai ciwon suna ganin abin da likita baya gani. Akwai namu da suka sa kakin nan, 'yan Najeriya da Nijar da 'yan zangon Ghana, wasu ma da girin kad suka shiga kafin su zama 'yan ƙasa, sun fito baya ya lalace ko kai babu natsuwa, ma'aikatar tsofaffin sojoji wato VA ta yanka musu kashi 10 ko 30 suka karɓa suka yi shiru. Toh haƙuri abu ne mai kyau, babu ja, amma diyyar nan ba sadaka bace, haƙƙi ne da doka ta rubuta, kuma dokar da kanta ce ta buɗe ƙofar cewa ban yarda ba.

Wai menene kason nan da ake ta magana a kansa?

VA tana duba kowane ciwo da aikin soja ya jawo ko ya ƙara tsananta, ta bashi kaso daga 0 zuwa 100, goma-goma. Kason ne yake yanke kuɗin da zai shigo maka duk wata, kuma ba'a cire haraji a ciki. A 2025 mai kashi 10 yana karɓar dala 175.51, mai kashi 100 da ba iyali yana karɓar 3,831.30. Tsakanin kashi 50 da 70 kaɗai akwai bambancin sama da dala 600 a wata. Daga kashi 30 kuma ake fara ƙara maka wani abu saboda mata da yara. Kaga ai ba ƙaramar magana bace.

Takardar hukunci ta iso, kwana nawa nake dashi?

Shekara 1, kuma daga kwanan watan da aka buga a jikin takardar ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka buɗe ambulan ba. Dan Allah a riƙe wannan. In ka shigar da ƙorafi cikin shekarar kuma kaci nasara, za'a biyaka ariyas tun daga ranar da ka fara nema. In ka bari ta wuce, ana iya sake buɗe maganar amma galibi lissafin kuɗin daga sabuwar rana zai fara, na baya ya tafi kenan.

Ta wace hanya ake ɗaukaka ƙarar?

Tun 19 ga Fabrairu 2019 da sabon tsarin ya fara aiki, hanyoyi uku ne.

Akwai sake nema da sabuwar hujja, fom 20-0995. Anan dole ka kawo abin da VA bata gani ba a baya kuma ya shafi maganar, kamar sabon hoton MRI, ko takardar likita, ko bayanin wanda kuka yi aiki tare.

Akwai neman babban ma'aikaci ya sake duba fayil ɗin, fom 20-0996. Wannan ba'a karɓar sabuwar hujja ko ɗaya, abin da ke ciki kawai zai duba ya ga ko na farko yayi kuskure. Amma zaka iya neman ya kiraka a waya sau ɗaya, kai ko wakilinka, ka nuna masa inda kuskuren yake, kuma ni dai ina ganin duk wanda ya bi hanyar nan bai nemi kiran ba ya bar rabin damarsa a ƙasa. Waɗannan biyun burin VA shine ta gama su cikin kwana 125.

Ta uku ita ce zuwa gaban hukumar ɗaukaka ƙara ta tsofaffin sojoji a Washinton, fom 10182, inda alƙali ne zai duba. Nan ma layi uku ne, ko alƙali ya duba fayil yadda yake, ko ka ƙara hujja cikin kwana 90, ko ka nemi zama dashi ta bidiyo. Layin zaman shi yafi kowanne jinkiri, ana iya shan shekaru. In hukumar ma ta ƙi, akwai kotun tarayya ta musamman da aka kafa a 1988 don ƙararrakin tsofaffin sojoji, ita kuma kwana 120 kacal take bayarwa.

Toh wacce zan ɗauka a ciki?

Kafin ka zaɓa, karanta dalilin da suka rubuta, ba lambar kason kawai ba. Sannan ka nemi kwafin fayil ɗinka da fom 20-10206 don ka ga abin da mai gwaji, wato likitan da VA ta tura ka wajensa ya duba ciwon, ya rubuta a kanka, domin sau da yawa abin da ka faɗa daban abin da ya shiga takarda daban. In hujja tana cikin fayil an tsallake ta, ko gwajin bai cika ƙa'ida ba, nemi babban ma'aikaci. In hujjar ce ta yi ƙaranci, tara sabuwa ka bi 20-0995. In kuma hukuncin daidai yake a lokacinsa amma ciwon ne ya ƙaru daga baya, wannan ba ɗaukaka ƙara bane, neman ƙari ne da fom 21-526EZ, mutane suna yawan haɗa biyun.

MRI ya nuna bayana ya lalace sosai, me yasa kashi 10 kawai suka bani?

Wannan ita ce tambayar da tafi ɓata wa mutane rai, kuma da gaskiyarsu. Amsar ita ce jadawalin VA ba hoton yake bi ba, kuma ba yawan azabar da kake sha yake aunawa kai tsaye ba, sunkuyo yake aunawa. Hoto yana tabbatar da cewa ciwon akwai shi, amma lambar daga digirin da ka iya lanƙwasawa gaba take fitowa.

A wajensu lafiyayyen baya yana sunkuyawa digiri 90, kusan yadda mutum yake ruku'u cikakke. In kana wuce 60 amma baka wuce 85 ba, kashi 10. In kana wuce 30 amma baka wuce 60 ba, kashi 20, haka ma in tsokar bayan tana ɗaurewa har ta canza maka tafiya ko ta karkatar da ƙashin. In digiri 30 ne ko ƙasa, kashi 40. Daga nan sai in ƙashin ya sandare gaba ɗaya a mummunan yanayi ake maganar 50, ko 100 in har da wuya ne duka. Babu 30 a ƙasan baya, na wuya ne.

Shi yasa mutum zai zo da faifan baya biyu, wato 'yan matasan da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya, da suka zame, ya cije haƙori ranar gwaji ya sunkuya har 70 saboda jarumtar soja, a rubuta 70, shikenan kashi 10.

Ranar gwajin likita me ya kamata in yi?

Farko dai kaje. Rashin zuwa ba tare da uzuri ba yana iya sa a ƙi buƙatar gaba ɗaya. Sau da yawa ma ba likitan VA bane, ɗan kwangila ne, bai sanka ba, mintuna kaɗan zai baka.

Zai tsayar da kai ya ce sunkuya. Ya kamata ka ga wani ma'auni a hannunsa mai hannu biyu kamar rula da aka haɗa da ƙusa, shi zai ɗora a gefen ƙugunka ya karanta digiri. In bai fito dashi ba, da ido kawai ya kalleka ya rubuta lamba, ka rubuta hakan da zarar ka fito, da kwanan wata da sunan wurin, domin dokar ta ce a yi amfani da ma'aunin. In ka fara sunkuyawa ciwo ya soka, faɗa masa nan ne ya fara, kuma inda ya tsayar da kai ka tsaya. Kada ka ƙara gishiri, ƙarya haramun ce kuma laifi ce a doka, amma kada ka ɓoye. Mu an tarbiyyantar damu in an ce ya jiki mu ce da sauƙi ko da muna kwance, toh a ɗakin nan duk abin da ka faɗa rubutawa ake, godiyarka ga Allah tana zuciyarka, shi kuma mai gwaji ka bashi labarin yadda yake.

Sannan maganar ranakun tashin ciwo, wannan nake so a fi kula dashi. Ciwon baya ba kullum yake ɗaya ba, wata rana ka wuni lafiya, wata rana ko safa baka iya sawa. Kotu ta yanke a shari'ar DeLuca ta 1995 cewa dole a duba yadda ciwo da gajiya da maimaita motsi suke rage aikin gaɓa, a shari'ar Sharp ta 2017 kuma ta ce mai gwaji ba zai ce ai ban ga ranar tashin ciwon ba don haka bazan iya cewa komai ba, dole ya tambayeka ya ƙiyasta digirin daga bayaninka. Don haka bashi abin da zai riƙe. Sau nawa yake tashi a wata, kwana nawa yake yi, me ke tada shi. In sallar farilla a kujera kake yinta saboda ruku'u da sujada sun gagara, faɗa masa, ka nuna masa iya inda kake kaiwa a irin ranar. In madam ce take ɗaura maka igiyar takalmi, ko sai ka dafa bango kafin ka tashi daga banɗaki, ba abin kunya bane, hujja ce. Rahoton da babu maganar ranakun tashin ciwo a ciki, ko ba'a gwada motsin kala-kala yadda shari'ar Correia ta 2016 ta buƙata ba, shi kansa dalili ne na neman a sake gwaji.

Ciwon yana sauka ƙafata kamar shokin, yatsu suna sagewa. Yana cikin kason bayan?

A'a, daban ake bashi, kuma nan ne kuɗin mutane da yawa yake maƙalewa. In faifan baya ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, kowace ƙafa tana da nata kason. Ga babbar jijiyar da ke bi ta bayan cinya, mara tsanani 10, matsakaici 20, mai ɗan tsanani 40, mai tsanani da ƙafa ta rame 60, in ta shanye gaba ɗaya 80. In ƙafa biyun ne akwai ɗan ƙarin da ake yi a lissafi. Haka in ciwon ya taɓa riƙe fitsari ko bayan gida, shima daban ne, kuma nasan da nauyin faɗa amma a faɗa. Duba takardarka, in ka yi ƙorafin ƙafa a asibiti kuma babu ita a hukuncin, ga abin ɗaukaka ƙara nan.

Ina kwanciya sati-sati saboda bayan, ba'a lissafa wannan?

Ana lissafawa ga masu ciwon faifai, daga kashi 10 in kwanciyar ta kai sati 1 a cikin wata 12, har 60 in ta kai sati 6. Sharaɗin dai sai likita ne ya rubuta maka kwanciyar. Wadda ka yi da kanka a gida bata shiga.

Ita kuma lafiyar ƙwaƙwalwa yaya ake auna ta, tunda ba ma'auni?

Matakai shida ne, 0, 10, 30, 50, 70, 100, kuma sunan ciwon ba shi ke yanke kaso ba. Ko PTSD ne, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan abin da mutum ya gani ko ya same shi, ko ciwon damuwa, ko fargaba, tambayar ɗaya ce, yaya ya taɓa aikinka da zamanka da mutane. A 30 ana maganar rashin barci, ɗan mantuwa, zargin mutane, firgici sau ɗaya a sati ko ƙasa, amma dai kana tafiyar da rayuwa. A 50 firgicin ya wuce sau ɗaya a sati, aiki ya fara tangarɗa, riƙe hulɗa ya zama wahala. A 70 kusan ko'ina ya taɓu, aiki, gida, tunani, fushi da baka iya riƙewa, barin wanka da tsafta, tunanin kashe kai. 100 kuma shine komai ya tsaya, mutum yana ji ko ganin abin da babu, ko ya zama haɗari ga kansa ko wasu, ko ya manta sunan 'yan gidansu.

Kuskuren da ake yawan samu shine mai yanke hukunci ya ɗauki alamomin nan kamar dole sai ka cika su duka. Kotu ta faɗa tun 2002 a shari'ar Mauerhan cewa misalai ne kawai. A 2017 kuma a shari'ar Bankhead ta ce tunanin mutuwa ko da babu shiri babu yunƙuri yana iya kai mutum 70. In yana cikin bayanan asibitinka aka baka 30 ko 50 ba tare da an ce komai a kansa ba, akwai magana.

In kuma kai da kake karantawa yanzu tunanin yana zuwar maka, ajiye maganar fom, in kana Amurka kira 988 ka danna 1, ko ka tura saƙo zuwa 838255, dare ko rana akwai mai ɗauka.

Gaskiya ina jin nauyi, kar a ce na haukace ko imanina yayi rauni.

Na fahimta wallahi. A wajenmu mutum zai yarda ya ce bayansa na ciwo a gaban kowa amma ba zai ce yana farkawa cikin dare jiƙe da gumi ba, ko baya iya zama a masallaci sai a sahun da yake ganin ƙofa, ko ƙarar wasan wuta na 4 ga Yuli yana sa shi ya shige ɗaki ya kulle. Wannan rauni ne da aka samu a bakin aiki kamar na baya, ba ƙarancin imani bane. Yi addu'arka, yi azkar ɗinka, in ruƙiya kake a yi, amma kaje asibiti ma, domin VA bata ganin abin da ba'a rubuta ba, mutumin da ya shekara biyar yana fama a ɓoye a takarda lafiyayye ne.

Kuma ranar gwaji kada ka bada labarin ranar da kafi jin daɗi. Ka sha wanka ka sa turare ka zauna kana murmushi kana cewa komai lafiya, abin da zai rubuta kenan. Faɗi yadda mafi yawan kwanakinka suke. Hajiya, ke ma kina da rawar takawa, akwai fom 21-10210 da zaki rubuta abin da kike gani da idonki, ihun cikin barci, yadda yara suke shiga ɗaki in ya dawo, daina zuwa suna da ɗaurin aure, ayyukan da ya bari. Bayanin iyali hujja ce da doka ta yarda da ita, kuma in babu ita a fayil a da, tana iya zama sabuwar hujjar da zata buɗe 20-0995.

Likita ya ce ina da PTSD da ciwon damuwa, za'a biya biyu?

A'a, kaso ɗaya ake bayarwa ya haɗe su, dokar ta hana biyan alama ɗaya sau biyu.

Ni ban je fagen yaƙi ba, ciwon bayan ne ya jefa ni cikin damuwa. Ina da haƙƙi?

Kana dashi. In an riga an amince bayan daga aiki ne, duk ciwon da ya haifar ko ya tsananta ana iya haɗa shi. Mutumin da ciwo ya hana barci shekaru, ya rasa aiki, ya koma zaman gida, ba abin mamaki bane damuwa ta kama shi. Abin da ake buƙata shine likita ya tabbatar da ciwon, sannan ya rubuta ra'ayinsa da dalili cewa yiwuwar bayan ne ya jawo ta kai rabi ko fiye. Rabi ya isa, domin in hujja ta yi kunnen doki doka ta ce a ba tsohon soja. Waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata a cikin aiki, mata da maza, su ma ba sai sun kai rahoto a lokacin ba, ana karɓar alamu kamar neman canjin wurin aiki kwatsam ko faɗuwar ƙwazo, ana bayanin abin da ya faru a fom 21-0781.

An bani 70 na ƙwaƙwalwa da 40 na baya, ai 110 kenan, me yasa 80 nake gani?

Ba tarawa suke ba. Ana fara cire babban, 70 daga 100 saura 30. Sai a ɗauki kashi 40 na 30 ɗin, 12 kenan, ya zama 82, a mayar dashi goma mafi kusa, 80. Yanzu duba abin da ƙafa take yi. In aka ƙara 10 na jijiya zai zama 84, har yanzu 80. In 20 ne zai zama 86, ya haura zuwa 90. Kaga bambancin mara tsanani da matsakaici a rahoton mai gwaji shi kaɗai ya isa ya canza albashin wata.

Bana iya aiki kwata-kwata amma ban kai 100 ba.

Akwai tsarin da ake kira TDIU, ana biyanka kuɗin mai 100 ko da kasonka bai kai ba, in ciwukan aikin ne suka hanaka riƙe aikin da zai ciyar da kai. Ƙa'idar ita ce ciwo ɗaya mai 60, ko jimla 70 da ɗaya a ciki ya kai 40. Fom 21-8940. Ɗan aikin da kuɗinsa na shekara bai wuce layin talauci ba baya hanawa. Baya da ƙwaƙwalwa in suka haɗu sukan rufe ƙofa biyun, ɗaya ya hana ɗaukar kaya da doguwar tsayuwa ko tuƙi, ɗayan ya hana zaman ofis da mutane, haka ya kamata a bayyana shi.

Ance in na taɓa maganar za su iya rage min wanda nake dashi.

Yana yiwuwa, bazan ɓoye ba, in sabon gwaji ya nuna sauƙi na gaske. Amma ba'a ragewa dare ɗaya, sai an aiko maka da takardar shawara, kana da kwana 60 na kawo hujja da kwana 30 na neman zama. Kason da ya shekara 5 sai an nuna sauƙin ya ɗore, bayan shekara 10 ba'a cire alaƙar ciwon da aiki, bayan 20 ba'a sauka ƙasa da kason, sai dai in an samu zamba. In ciwonka na nan kuma kana zuwa asibiti, tsoron nan bai kai ya hanaka neman haƙƙinka ba.

Sai na ɗauki lauya?

Ba dole bane. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna da wakilai da VA ta amince dasu, kyauta suke yi, fom 21-22 kawai zaka sa wa hannu, jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ma suna da nasu. Lauya baya da izinin cajinka kan neman farko, sai bayan hukunci ya fito, kuma abin da aka saba shine kashi 20 na ariyas. In magana ta kai gaban alƙali ko kotu, ko TDIU ce mai sarƙaƙiya, lauya yana da amfani. Waɗanda nake jan kunne a kansu su ne kamfanonin da ke talla a Facebook da YouTube suna alƙawarin 100, ba su da rajista, su sa ka sa hannu kan biyan ninkin ƙarin da ka samu na watanni, wasu har lambar sirrin shiga asusunka suke nema. Duba sunan mutum a jerin waɗanda VA ta amince dasu kafin ka bashi ko takarda ɗaya.

Na koma gida da zama, Kano ko Yamai ko Kumasi. Zan iya bin maganar daga can?

Zaka iya. Diyyar bata tsayawa don ka bar Amurka, fom ɗin ana turawa ta intanet, ana kuma shirya gwaji a ƙasashen waje. Akwai shirin VA na jinya a waje da yake biyan kuɗin maganin ciwukan da aka amince dasu, sai kayi rajista. Takardun asibitin gida suna shiga hujja, ka roƙi likitan ya rubuta digirin sunkuyo da lamba, kada ya tsaya a cewa baya na ciwo. Abin da yafi cin mutanen da suka koma shine adireshi, takarda taje tsohon gida a Bronx ko Houston ta kwanta, shekarar tana tafiya. Sabunta adireshi da lambar waya kafin ka tashi, ka riƙa leƙa asusunka na VA, takardun hukunci suna fitowa a can.